Yatsa Huɗun da Na Ƙara

A bangon gabas na ɗakin maigidana akwai wata tsaga da ta taso daga ƙasa, ta rabu biyu a daidai tsayin gwiwa. Wata bakwai ya yi yana kallonta. Na san tsagar nan fiye da yadda na san fuskokin wasu dangina, domin duk sanda na shiga da kwanon abinci, bayansa nake tararwa, fuskarsa tana wajenta.

A kan babur ya faɗi, a hanyar Ajingi, saniya ta gitta masa. Saniyar ta tashi ta kaɗa jela ta bi 'yan uwanta. Shi kuwa daga ƙugu zuwa ƙasa bai sake jin komai ba. Aka yi na asibiti, aka yi na gida, aka sha rubutu, daga ƙarshe aka dawo da shi Gaya aka kwantar. Mutumin da ya shekara talatin a bakin kasuwa yana gyaran rediyo da fanka da fitilar sola, wanda ko a wajen ɗaurin aure sai ka gan shi ya karɓi agogon wani yana kwancewa, sai ga shi kamar buhun da aka jingine aka manta. Ba ya ƙorafi, ba ya faɗa. Da ma faɗan ya yi. Loma uku zai ci ya ture kwano. In na ce, "Malam, ƙara kaɗan mana," sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya juya.

Ni ba gwanar lallashi ba ce, duk unguwarmu an sani. Na yi masa masifa, na yi masa gori, na ce ƙafa ce ta mutu ba hannu ba. Har rediyon maƙwabta na taɓa arowa, na tsinke mata waya da gangan, na ajiye a gefen katifarsa. Kwana huɗu tana nan bai taɓa ta ba. Ƙafafun na riga na sallama su, ba su ne tsorona ba. Tsorona shi ne wata rana in shiga da kwano in tarar kallon bangon nan ya ƙarasa shi, alhali likita ya ce zuciyarsa da hantarsa ƙalau suke.

Ruwan shuka ne ya juyo da shi. Ƙamshin ƙasa ya shigo ɗaki, sai na ji ya ce, "An shuka ta Balan?"

Gonar gadonsa ce, can wajen Balan, ƙaninsa ne ya karɓi nomanta tun da abin ya faru. Na ce an shuka. Bayan sati biyu na hau adaidaita na je na ɗauko masa ita a waya, daga wannan iyaka zuwa waccan, na dawo ina murna. Ya kalla ya miƙo mini.

"Saman gona kika ɗauko mini," in ji shi. "Kowace gona daga sama kyau gare ta. Ni gindin gero nake son gani."

"To in koma in durƙusa in ɗauko maka gindin."

"Za ki ɗauko wanda kika ga dama. Ƙanina ma haka zai yi. Kowa abin da ba zai tayar mini da hankali ba yake nuna mini."

Ban yi musu ba, domin akwai wani gefe da shukar ba ta fito ba, na kuma tsallake shi ina sane. Na ce to a ɗora shi a amalanken shanu a kai shi. Ya ce amalanke a bakin gona yake tsayawa, ba ya shiga kunya, shi kuma babu wanda zai goya shi a tsakiyar gonar ubansa mutane suna kallo. Can sai ya ce, "Ɗauko mini akwatin kayan aikina."

Sati uku ya yi yana haɗa abin, a zaune, na tokare masa baya da filo uku. Injin goge gilashin mota guda biyu, ɗaya na ɓangaren dama ɗaya na hagu, da batirin babur, da rimot ɗin wata motar wasa, duk a kan wani ɗan gadon ƙarfe da mai walda ya haɗa masa, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. A gaba ya kafa sanda ya ɗaure tsohuwar waya, ya yi dabarar da abin da ta gani yake fitowa a wayar hannunsa ko babu sabis. Kada a tambaye ni yadda aka yi. Nufinsa a kai shi bakin gona, ya zauna a inuwa, ya tura abin ya bi kwarin kunya, ya duba gindin geronsa da kansa, ya juya inda shi ya ga dama. Shi robot yake ce masa. Ni kunkuru na sa masa, sunan kuma ya bi shi.

A makonnin nan kwano wayam yake dawowa.

A tsakar gida, kan daɓe, kunkuru gudu yake yi da tayoyin keken yara. Da na kai shi rairayin ƙofar gida, sai ya tona wa kansa rami ya zauna. Ƙasarmu rairayi ce, ta Balan ma ta fi. Malam ya ce taya ba za ta yi ba, sai an yi masa ƙafa irin ta katafila, wato abu mai faɗi da zai zagaye tayar gaba da ta baya, ya riƙa shimfiɗa wa kansa hanya yana takawa.

"Ina ake sayar da ita?" na ce.

"Ba a sayarwa. Nema ake yi."

Shi ba ƙafa, 'ya'yanmu duk mata ne suna gidajensu, ƙaninsa yana gona. Neman ya faɗo kaina.

A nan zan faɗi wani abu, don kada a ce jahilci ne ya jawo abin da ya biyo baya. Sai da na aurar da autata sannan na shiga ajin manya, ina da shekara arba'in da 'yan kai. Malam ne ya tura ni, shi ne kuma ya koya mini karanta tef ɗin awo tun ba a kai mu wannan darasin ba. Ya nuna mini manyan layuka da ƙanana, ya ce tsakanin manya biyu tazara goma ce, kuma a wajen inji ƙaramar nan ɗaya ma ba abin rainawa ba ce. Tun daga lokacin Ɗaliba yake ce mini in yana cikin nishaɗi. Saboda haka na iya tef. Na iya sarai.

Da layin masu gyaran babur na fara. Mace mai shekaruna, da hijabi har ƙasa, tana tona tarin tsofaffin ƙarafa, ai kuwa na zama abin kallo.

"Hajiya, me aka rasa?" in ji wani mai gemu, baƙin mai har gwiwar hannunsa.

"Ƙafar katafila."

Suka kwashe da dariya. Ya ce, "Kwangilar titi aka ba ki?"

"Eh. Ta kan rumfarka zan fara."

Dariyar ta koma kansa. Ya tattaro mini tsofaffin sarƙoƙin babur guda shida ya ce in je in gwada.

Sarƙa ba ta yi ba. Siririya ce, yanka rairayi take yi kamar wuƙa, yashi kuma ya cika gaɓoɓinta ta ƙage. Na je wajen masu ɗinkin guga na samo robar cikin tayar mota, aka yanka da faɗi. Da safe ta yi kyau har Malam ya yi murmushi, rana na take tsaka ta saki kamar danƙo ta zame. Na kawo tsohuwar tayar babur aka tsage mata gefe da gefe. Ita kuma tauri ya yi mata yawa, injinan suka yi ta gurnani har suka fara ƙauri, ya yi maza ya cire waya. Kowane gwaji sai ya ci kwana huɗu ko biyar, gero kuma yana can yana tashi. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ranar da tayar babur ta ƙi, kwano ya dawo da rabi, na kuma kama shi yana satar kallon bango.

Ina wanke-wanke na tuna da injin niƙan yayana a Toranke. Irin na da ne, mai dogon bel, faɗinsa kamar tafin hannu, roba da zare hawa-hawa, ba ya miƙewa kuma yana lanƙwasuwa. Injin ya daɗe da mutuwa. Washegari na kama hanyar Toranke.

Na tarar da yayana a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Bel ɗin yana rataye a azarar ɗakin injin, a naɗe, yanar gizo ta rufe shi. Bayan an gaisa na faɗi abin da ya kawo ni, ban yi kwana-kwana ba.

"Auta," in ji shi, "kin san irin wannan bel ɗin yanzu ba a yinsa. Injin nan wata rana zai tashi."

"Yaya, injin da kaji suke ƙwai a cikinsa?"

"Kaji ba su hana inji tashi."

"Tun ina goyon ta biyu kake cewa zai tashi. Yanzu ita ma goyo take yi."

Ya yi dariya, amma bai motsa ba. Sai na ce, "Ni mutum nake so ya tashi. In ka hana ni, ka hana, amma ranar da aka kira ka Gaya kada ka zo mini da kuka."

Ya ajiye ƙotar da ke hannunsa. Sannan ya tashi ya ɗauko tsani da kansa. Da zai miƙo mini ya ce, "Guda ɗaya ne fa, Auta. In kuka ɓata shi babu wani."

Da Malam ya ga bel ɗin, sai da ya shinshina shi. Ya lanƙwasa, ya ja, ya sa haƙori ya ciji gefensa. Ya ce, "Ɗaliba, kin samo." Ya shimfiɗa shi daga bakin katifa zuwa ƙofa, na riƙe masa kan tef. Zai yi ƙafa biyu har da ɗan saura. Ya aika wa masassaƙi, aka yi masa tayoyi huɗu na busasshen icen ƙirya. Biyu na baya ya kakkafa musu gajerun ƙusoshi goma-goma a kewaye, su ne haƙora. Dabarar ita ce a huda ramuka a jere a tsakiyar bel, haƙori ya shiga rami ya ja, na bayansa ya shiga na gaba, haka har abin ya yi ta tafiya. Ya rubuta a takarda: kowace ƙafa ga tsawonta, rami arba'in, tsakanin rami da rami santimita huɗu. Ya sa na karanta masa sau biyu.

Akwai wani dattijo a kasuwar Gaya mai yin takalmin taya, shi ke da ƙarfen huda, shi kuma ya iya ɗinkin da ba ya warwarewa. Wajensa na kai. Na karanta masa takardar, ya karɓi tef ɗin, ya auna, ya ja layi da alli a wuri biyu. Bayan layi na biyu akwai saura, kamar faɗin yatsa takwas. Tun bai yanka ba na ga ya ɗan ja sauran nan wajen cinyarsa.

"Wannan fa?" na ce.

"Hajiya, ai saura na mai aiki ne. Dunduniyar takalmi ɗaya zai yi."

Haka ne, kowa ya sani. Tela yana riƙe ƙyalle, mai yanka yana riƙe guntu. Amma ni daga Toranke na ɗauko bel ɗin nan a cinyata, na ja wa yayana magana mai nauyi a kansa, sai in ga wani ya taka shi a dunduniya? Ban da wannan kuma, ni tun da nake ban taɓa ganin an yanka abu daidai wa daida ba. In za a sayo wa yarinya takalmi, tsinken tsintsiya ake karyawa daidai ƙafarta, mai takalmi kuma ya ƙara yatsa biyu saboda girma. In za a ɗinka riga, ana barin na wanki saboda yadi yana tsukewa. Mai awo sai ya tula mudu har ya zube, in bai tula ba a ce ba shi da albarka. Ni kuwa ko gishiri na saya, ba na tashi sai an yi mini gyara. A wajena abin da aka yanka cif-cif abin marowaci ne, kuma shi ne yake fara yagewa.

Na ce, "Goge layin nan. Raba shi biyu daidai, kada a bar komai. Kowace ƙafa ta samu ƙarin yatsa huɗu."

"Takardar fa?"

"Ni na karanta maka takardar. Rami arba'in ta ce, ka yi arba'in."

"Hajiya, in tsawo ya ƙaru, tsakanin ramukan zai buɗe."

"Da nawa zai buɗe? Da ƙwayar gero?"

Ya ajiye allin ya dube ni. "Inji fa ba yaro ba ne, Hajiya. Ba ya girma."

"Kai dai guntun kake so."

Wannan maganar ce ta rufe masa baki. Ya goge layin da yawu, ya ninka bel ɗin biyu, ya yanka. Ya raba tsawon gida arba'in da zare, a hankali, ba gaggawa. Ya ɗora a kan kututture, ya kafa ƙarfen huda, ya riƙa bugawa da guduma. Rami tamanin, ina zaune ina ƙirgawa. Ya haɗa bakunan ya ɗinke da zaren taya. Bai sake ce mini komai ba sai "Allah ya sa a dace." Na taho ina jin na yi abin kai.

Na tarar Malam ya sa hula. Tun da ya kwanta ban ga hula a kansa ba. Ya ja jiki da hannu har bakin ƙofar ɗaki, kunkuru yana gabansa a kan bulo biyu. Ya karɓi ƙafar farko ya zura. Na ga ya ɗan tsaya, ya ɗaga tsakiyarta da yatsa, ta yi lilo. Ya danna rimot. Haƙori na farko ya shiga raminsa. Na biyu ya shiga da ƙyar. Na uku ya ci gefen rami, na huɗu ya hau kan bel ɗin gaba ɗaya, ƙafar ta karkace ta faɗo ƙasa. Ya mayar, ta faɗo. Ya gwada ɗayar, ita ma haka. Ya ɗauki tef ya auna tsawon, ya sake aunawa.

"Dattijon nan ya yi kuskure," in ji shi a hankali. "Ba kowa ne ya iya tef ba. Allah ya yafe masa."

"Ba za a rage ba?"

"Tsawo ana ragewa. Rami in an huda an huda. In aka sake wasu a tsakaninsu, yagewa zai yi."

Ya cire hular ya ajiye a kan kunkuru. Ya ja jiki ya koma katifa.

Ni da ake cewa ba a rufe mini baki, ni da na taɓa tsayar da mai unguwa a tsakiyar hanya na faɗa masa gaskiya, na tsaya a wurin nan na bar laifin a kan bawan Allahn da ya gargaɗe ni.

Kwana uku. Ranar farko loma uku. Rana ta biyu ya ce ba ya jin yunwa. Ina fita tun da hantsi ina bin injinan niƙa, na Gaya na gama su, na shiga na Ajingi, na bi ƙauyukan da ke bakin hanya. Duk siririn bel suke amfani da shi yanzu, mai kamar igiya. Wani ya ce ya taɓa ganin irin wanda nake nema, amma an yanka an yi wa shanu linzami da shi. Ina dawowa in tarar da bayansa. Rana ta uku ko ruwan da na ajiye bai sha ba sai da zai yi alwala. Ƙaninsa ya leƙo ya ce gero ya fara fitar da kai, Malam ya ce, "Madalla," bai juyo ba.

Rana ta huɗu bayan la'asar na shiga ba kwano a hannuna. Na tsaya a kansa.

"Malam, dattijon nan bai yi kuskure ba. Ni ce. Ya ja layi daidai yadda ka rubuta, na sa ya goge. Na ce ya ƙara yatsa huɗu-huɗu. Ya ce kada a yi, na ce guntun yake so."

Ya dafa hannu ya juyo, a hankali, kamar yadda yake juyowa in zan canza masa shimfiɗa.

"Yatsa huɗu na mene ne?"

"Gyara."

"Gyara!" Muryar da na yi wata tara ban ji ba ta fito gaba ɗayanta. "Gyara! Daddawa na aike ki saye? Ke! Ba ni na koya miki tef ba? Ban ce ki karanta sau biyu ba?"

"Na karanta."

"Kin karanta kika yi me? Shekara nawa kina zuwa makarantar nan, kina dawo mini da littafi a ka, ashe kan naki yana nan yadda yake! Kika bar ni ina neman wa mutum gafara a kan laifin da bai yi ba!"

"Na bar ka. Tsoro na ji."

"Ke? Tsoro? Wa kika taɓa tsoro a garin nan?"

"Bangon nan," na ce. "Ka zage ni har magariba, na yarda. Amma in ka sake juya mini baya, wallahi da tabarya zan rushe shi, mu kwana a fili."

Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, ta koma. Malam yana ta huci. Ya yi faɗa har ya shiga abin da ya wuce shekara ashirin, wata fanka da na taɓa wankewa da ruwa. Da ya gaji, sai ya dubi ƙafafun kunkuru a inda suke yashe.

"Miƙo tef," in ji shi. "A'a, riƙe. Ke za ki auna. Daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami. Ki faɗa mini abin da kika gani, kada ki ƙara ko ƙwayar gero."

Na durƙusa na auna. "Huɗu, da ƙanana biyu."

"Na gaba."

"Huɗu da biyu."

Haka muka bi rami tamanin. Ban tsallake ko ɗaya ba. Duk huɗu da biyu ne.

"Mutumin nan ya iya aiki," in ji Malam. "Ke ce ba ki iya ji ba. Tun da duk daidai suke, ba bel za a sake ba, tayoyin baya za a sake, a buɗa haƙoran su bi ramukan. A kuma ƙara wa gadon tsawo." Ya ɗan yi lissafi da yatsa a kan katifa. Sannan ya ce, "Akwai sauran tuwo?"

Washegari na je wajen dattijon na faɗa masa a gaban mutanen rumfarsa cewa shi ke da gaskiya, kuma na yi masa ƙazafin son guntu. Ya ci gaba da ɗinkinsa ya ce, "Ai na faɗa miki ba ya girma, Hajiya." Aka yi mini dariya, na tsaya na shanye.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Masassaƙi ya ce busasshen icensa ya ƙare, ɗanye kuma tsagewa zai yi, ga shi tsakiyar damina. Na dawo gida na dubi turmina, na ƙirya ne, na mahaifiyata, gindinsa kauri gare shi. Na mirgina shi har ƙofar masassaƙin. Shi ma manomi ne, sai ya dawo daga gona yake taɓa gizago. Taya ɗaya ta tsage wajen kafa haƙora, aka sake wata daga abin da ya rage. Mai walda ya yi tafiya. Kwana ya yi ta tafiya, ni ina daka a turmin maƙwabta, Malam yana tambayar ƙaninsa gero, ƙaninsa yana cewa saura kaɗan. Ranar da kunkuru ya haye rairayin ƙofar gida ya dawo ba tare da ƙafarsa ta zame ba, an kwana shida da yanke geron Balan.

Duk da haka muka je. Ƙaninsa ya kawo amalanken shanu, muka shimfiɗa katifa, aka ɗora Malam da hularsa. Aka tsaya a gindin tsamiyar bakin gona. Geron an ɗaure an kai gida, saura dawa a tsaye da wake yana yaɗo a ƙasa. Na sauke kunkuru na saita shi a kwarin kunya. Malam ya danna, ya shige cikin dawa yana tafiya a hankali, yana barin sawu biyu a rairayi, har muka daina ganinsa sai motsin ganye.

Malam ya ƙura wa waya ido. Ya tsayar, ya juya shi hagu, ya matsa. Sai ya ɗago ya dubi ƙaninsa.

"Zo nan. Mene ne wannan?"

Ƙaninsa ya leƙa. "Yaya, ɗan kaɗan ne."

"Wuta-wuta ce har ta yi fure a gindin dawata, kana ce mini gona lafiya lau? In ta zubar da iri, baɗi me za a shuka a nan?"

"Yaya, hannu ɗaya ne, ga tawa ga taka."

"To ka faɗa mini hannu ɗaya ne! Kada ka ce mini lafiya lau!"

Suna cikin wannan, hoton ya karkace ya tsaya a kan sama. Yaɗon wake ya naɗe a taya, ƙafar hagu ta fita. Na tattare hijabi na bi sawun, na same shi can tsakiya a kishingiɗe, injin ɗaya yana ta juyawa a banza. Na tuge wuta-wutar da hannuna ya kai, na ɗoro kunkuru a ka na fito.

A hanyar dawowa, da muka hango rufin kwanon Gaya, Malam ya dube ni. Ya ce, "Geron dai ban gani ba."

Da ban ƙara yatsa huɗun nan ba, da ya gan shi a tsaye da kansa. Ya sani, na sani, bai kuma sake ɗaga maganar ba, wannan ya fi mini faɗan ciwo.

Yanzu damina ta sake matsowa. Kunkuru yana nan, Malam ya yi masa wani ɗan ƙarfe a gaba mai ture yaɗo. Amma bel ɗin tsoho ne, ramukan sun fara yagewa. Uku ya ɗinke, jiya na huɗu ya tafi. Na san ba zai kai kaka ba, shi ma ya sani. Akwai ranakun da nake shiga in tarar da bayansa, in tsaya a bakin ƙofa, sai in ji ya ce, "Ajiye a nan, lissafi nake yi." Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci ba gaskiya ba ne.

Tef ɗin yana cikin jakata. Duk inda na ga tsohon ɗakin injin niƙa a bakin hanya, sai na ce mai adaidaita ya tsaya, in shiga in ɗaga kai in duba azara. Har yanzu ban samu ba. An ce akwai wani can gaba da Toranke, wajen wasu mutane da ban sani ba, jibi zan je. Malam ya rubuta mini faɗi da tsawo a takarda, ya sa na karanta sau uku. Abincin rana kuma yau ya ci fiye da rabi.